Gangunan ZZ Top: wa ya ce a taɓa kiɗan 1973?

Alhaji Mai Garmaho:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan waƙar da Nura ya turo mana jiya, La Grange ta ZZ Top, ƙungiyar rok ɗin nan ta mutum uku daga Teksas, kuma ina so Injiniya Sabo ya sa baki tunda sana'arsa ce. Waƙar ita ce, muryar Billy Gibbons ce, jitarsa ce, amma gangunan nan ba haka suka fito a 1973 ba. Abin da Nura ya turo haɗin 1987 ne.

Ga wanda bai san yadda aka yi ba. A 1987 kamfanin Warner Bros. ya fitar da wani akwati mai suna The Six Pack, faifan CD uku masu ɗauke da kundi shida: ZZ Top's First Album na 1971, Rio Grande Mud na 1972, Tres Hombres na 1973, Fandango! na 1975, Tejas na 1976, sai El Loco na 1981. Maimakon a zuba biyar na farkon a CD yadda suke, sai aka koma kan tef aka sake haɗa sautinsu, aka lafta wa gangunan Frank Beard amon na'ura da amsa-kuwwa irin ta wancan zamani, don su yi kama da sababbin kundinsu, Eliminator da Afterburner, da ke ci a kasuwa a lokacin. Degüello na 1979 bai shiga akwatin ba, shi ya sa ya tsira. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da wane dalili za a yi wa aikin makaɗi haka?

Nura:
Wa alaikumus salam Alhaji, barka da warhaka. Ni dai wadda na samu na turo, kuma gaskiya a haka ta burge ni. Gangar tana da nauyi, tana cika sifika, in ka sa ta a mota har a ƙirji kake jin ta. Sannan da izininka Alhaji, ai ba wani ne ya sace musu tef ya yi musu ɓarna ba. Su ukun suna raye a lokacin, suna tare da manajansu Bill Ham, da sunansu aka fitar da akwatin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In su sun ga tsohon sautin ya yi musu siriri, mu su wa da za mu ce a'a?

Zulai:
Don Allah kafin a yi nisa a fayyace mana. Ina ganin ana rubuta rimasta a jikin wasu faifai, wasu kuma rimiks. Wanne aka yi a nan?

Injiniya Sabo:
Alhaji ina wuni. Da tambayar Zulai ya kamata a fara.

A shekarun 1970 ana ɗaukar waƙa a kan tef mai faɗin inci biyu, mai layi 16 ko 24. Kowane abu da layinsa: murya, jita, bes, ganguna kuma su cinye layi da yawa saboda makirfo da yawa ake kafa musu. Daga nan a bi da su ta miksa a haɗa, su koma layi biyu, hagu da dama. Wannan tef mai layi biyu shi ne waƙar da duniya ta sani. Rimasta ita ce ka ɗauki mai layi biyun ka gyara shi sama-sama, ka rage shuuu ɗin tef, ka ɗaga ƙara, ka ɗan buɗe sautin. Ba ka iya taɓa ganga ita kaɗai, domin ta riga ta narke cikin sauran. Rimiks kuwa komawa ce kan tef mai layi da yawa, ka warware haɗin gaba ɗaya ka sake sabo. A nan kana iya kashe abu, ka ƙara abu, ka musanya abu. Shi aka yi wa ZZ Top.

Nura ƙanena, sa iyafis ka bi ni. Farkon La Grange babu komai sai jita can ƙasa-ƙasa, Gibbons yana magana a maƙogwaro, Frank Beard kuma yana ƙwanƙwasa bakin ƙarfen ƙaramar gangar tsakiya da sanduna, kas-kas-kas, bai taɓa fatar ba tukuna. Bayan kamar rabin minti sai ya zubo da bugu, kowa ya shigo. Salon bugun nan shi ake kira bugi (boogie), irin wanda aka gada daga su John Lee Hooker, dogo da gajere, dogo da gajere, yana tafe yana ɗingishi. Abin da ke riƙe irin wannan tafiya ba manyan bugun da kowa ke ji ba ne. Tsakanin babban bugu da babban bugu, hannun makaɗi yana sakin wasu ƙanana a kan fatar, da ƙyar ake jin su. In ka ɗora wa babban bugun amsa-kuwwa mai kauri, jelarta za ta kwanta daidai inda ƙananan suke ta binne su. In kuma ka sa na'ura ta riƙa harba sautin gangar da aka adana a cikinta duk lokacin da ya buga, to kowane bugu zai fito da kama ɗaya, alhali shi bai taɓa buga biyu iri ɗaya ba. Nauyin da kake ji a mota gaskiya ne, ban musa ba. Amma sai da aka binne hannun Frank Beard aka same shi.

Nura:
Na gane Injiniya. Amma wa yake jin waɗannan ƙananan bugun in ba ku masu situdiyo ba? Mutum yana cikin a-daidaita yana saurare a waya.

Injiniya Sabo:
Kunnensa ba zai ware su ba, amma ƙafarsa ce za ta sani. Ka gwada, sa wa wanda bai san labarin ba duka biyun, ka dubi a wanne yake kaɗa ƙafa.

Malam Haruna:
Assalamu alaikum. Bari in ƙara wa Injiniya da inda wannan amon ganga ya samo asali, don ina ganin zai taimaka. Ba a Teksas aka haife shi ba, a Landan ne, a situdiyon Townhouse, lokacin da Peter Gabriel ke ɗaukar kundinsa na uku da ya fito a 1980. Steve Lillywhite ne furodusa, Hugh Padgham ne injiniya, Phil Collins ne a kan ganguna. Miksar SSL da ke wurin tana da wani makirfo da aka sa don injiniya ya riƙa jin maganar waɗanda ke cikin ɗakin kiɗa, kuma yana matse sauti ƙwarai. Ta cikinsa suka ji gangar Collins ta kumbura ta cika ɗaki. Sai suka haɗa shi da na'urar da ke datse sauti da zarar ya fara lafawa. Ganga ta yi ƙara kamar a cikin babban zaure, sai kuma ɗif, a yanke ta. Waƙar Intruder ke nan. A 1981 Collins ya yi In the Air Tonight da irin wannan sauti, daga nan kowa ya ce shi ma sai ya yi.

Abin lura shi ne, a wancan kundin Gabriel ya hana a buga farantan tagulla ko ɗaya. Da gangan ya share wa gangar fili. Ke nan sautin an gina shi ne don waƙar da ke da sarari a cikinta. Kiɗan ZZ Top na 1973 kuwa mutum uku ne a cushe, jita da bes da ganga suna manne da juna, farantai suna ta aiki. Ina za a sa wannan ƙatuwar ganga a ciki?

A daidai lokacin ne kuma na'urorin suka fito a jere. Roger Linn ya fitar da LM-1 a 1980, mai ɗauke da sautin ganguna na gaske da aka ɗauka aka adana, sai LinnDrum a 1982. Kamfanin Simmons na Ingila ya fitar da gangunan lantarkinsa masu kusurwa shida a 1981. Zuwa 1987 duk wanda ya girma da rediyo da MTV, wannan ne sautin ganga a kunnensa.

Hajiya Rabi:
Ni ban san ZZ Top ba, 'yata ce ta sa ni a zauren nan, amma na fahimci kukan Alhaji sarai. A ce yau wani ya ɗauko tsofaffin faifan Alhaji Mamman Shata, ya bar muryarsa, ya bar 'yan amshi, ya danne kalangu ya sa bugun fiyano a wurin, sannan ya tattare tsofaffin ya kulle. Yaro ya taso ya saya, ya ɗauka haka Shata yake. Kalangun nan kuwa magana yake yi, yana amsa masa, yana zuga shi. Wa zai yarda?

Alhaji Mai Garmaho:
Hajiya Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da nake ta kewaye.

Zulai:
To ni ina da gyara, kada maganar ta koma kamar gangar lantarki ce laifin. Eliminator na fi saurare a duk kundin ZZ Top, kuma ba na jin kunyar faɗa. An ɗauke shi a situdiyon Ardent da ke Memphis tare da injiniyansu Terry Manning, ya fito a 1983, an sayar da fiye da miliyan 10 a Amurka kaɗai. Legs kusan dukkanta a kan na'ura take tafiya, kuma haka aka so ta. Tun daga tushe aka rubuta waƙoƙin a kan bugu miƙaƙƙe da ba ya karkata, Gibbons kuma ya ɗora jitarsa mai datti a sama. Wannan haɗin na bugu mai tsabta da jita mai ƙura shi ne daɗin kundin. In ka cire na'urar ka kashe shi.

Sannan ku tuna Rick Allen na Def Leppard. Ranar 31 ga Disamba 1984 ya yi hatsarin mota kusa da Sheffield ya rasa hannun hagu. Gangunan lantarki ne suka dawo da shi sana'arsa. Aka haɗa masa fedoji, abin da hannun hagu ke bugawa ya koma bugawa da ƙafar hagu. A 1986 ya hau dandamali a Donington, a 1987 Hysteria ya fito. Duk lokacin da na ji wani yana cewa gangar lantarki ba ta da rai, shi nake tunawa. Mutum ne zaune a bayanta da ƙafafu biyu da hannu ɗaya yana zuba gumi.

Alhaji Mai Garmaho:
'Yata, ban taɓa cewa Eliminator ba shi da kyau ba. Ina da shi a garmaho, da jar motar Ford ɗin nan ta 1933 a bangonsa. Na 1983 ya zauna a 1983, na 1973 ya zauna a 1973.

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum, ina gaisuwa ga manya. Ina biye da wagga magana tun safe, kuma ina so in kawo ta kusa da gida, don muna da misali a hannu. Mdou Moctar, mawaƙi mai jita, ɗan jiharmu ne ta Tawa a Nijar. Kundinai na farko, Anar, a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, a situdiyo irin wanda aka yin waƙoƙin finafinan Hausa. Bugun na'ura ne, murya kuma an bi da ita ta ototun, na'urar gyaran murya. Haka waƙoƙin sunka yaɗu daga waya zuwa waya, ta memori da bulutut, har sunka tsallaka hamada kafin wani Bature ya san da su. Yanzu ku saurari Afrique Victime na 2021, makaɗi ne na gaske a bayansa yana dukan ganguna, rok ne sosai. To a ce gobe wani ya ce Anar ya tsufa, a cire na'urar a sa makaɗi don ya yi daidai da sunan da Mdou ya yi yanzu. Ni ba ni yarda. Wanga bugun na'ura shi ne shaidar inda anka yi aikin da lokacin da anka yi shi. Da kamfanin Sahel Sounds sunka buga shi a faifai daga baya, da na'urarsa da komai sunka bar shi, kuma sun kyauta. Ke nan abin da Alhaji ke faɗi ya kamata ya yi aiki ta kowane ɓangare.

Malam Haruna:
Ɗan Tawa ka taɓo inda nake so a je, domin abin da kake tsoro an riga an yi shi a Ingila. Pink Floyd sun fitar da A Momentary Lapse of Reason a 1987, shekarar The Six Pack. Shi ne na farko bayan tafiyar Roger Waters. Cike yake da na'ura da amsa-kuwwa, kuma Nick Mason, makaɗin ƙungiyar, kaɗan ya buga a ciki, an ɗauko su Jim Keltner da Carmine Appice. A 2019 David Gilmour da injiniya Andy Jackson suka fitar da sabon haɗi a cikin akwatin The Later Years. Mason ya sake buga ganguna, aka rage amsa-kuwwar, aka ƙaro fiyanon Richard Wright, wanda ya rasu tun 2008, daga abin da aka ɗauka a wasanninsu na dandamali. Juyin ZZ Top ke nan. Can an ƙara wa tsoho na'ura, nan an rage masa.

Alhaji Mai Garmaho:
Wannan na saurare shi, kuma ya yi kyau ƙwarai. Waƙoƙin sun sami numfashi. Na fi son sa a kan na 1987.

Nura:
Alhaji ka yi haƙuri, amma a nan zan tsaya. Yanzu ka ce na 1973 ya zauna a 1973. To me ya sa na 1987 ba zai zauna a 1987 ba? In an taɓa tsohon kundi ya koma irin sautin da kake so, ya yi kyau. In an taɓa shi ya koma irin wanda ni nake so, ɓarna ce. Ashe ba maganar amana ake ba, maganar kunne ce, kowa da nasa.

Zulai:
Yaya Nura ya kawo magana a nan gaskiya.

Alhaji Mai Garmaho:
Tambaya ce mai kyau ɗana, kuma ina da amsarta. Kunne daban, amana daban. Kunnena ya fi son sabon haɗin Pink Floyd, wannan ra'ayina ne, wani ya ƙi shi ban ce masa komai ba. Amma dubi yadda suka yi. Sun rubuta a jiki ƙarara cewa sabon haɗi ne, har hoton bangon suka sauya da suka fitar da shi shi kaɗai a 2021. Na 1987 kuma yana nan, ba wanda ya janye shi. Kana so ka ji wancan, kana so ka ji wannan, kana so ka jera su.

ZZ Top fa? Haɗin 1987 ne ya zama shi ne kundin. Da aka rarraba akwatin aka riƙa sayar da su ɗai-ɗai, sunan 1973 ne a jiki, hoton 1973 ne, sautin ciki na 1987. Garmaho kuma a lokacin yana fita daga kasuwa. Wanda ya shiga kanti ya ce a ba shi Tres Hombres a CD, wannan za a miƙo masa, kuma bai san an sauya komai ba. Sai a 2003 akwatin Chrome, Smoke & BBQ ya dawo da asalin haɗin wasu waƙoƙi. Cikakken Tres Hombres da Fandango! sai 2006, shekara 19 ke nan. First Album da Rio Grande Mud da Tejas kuwa sai 2013, da akwatin The Complete Studio Albums ya fito, shekara 26. Yaron da aka haifa shekarar da aka yi rimiks ɗin ya isa aure kafin a ba shi damar jin Tejas yadda aka yi shi, in ba ubansa na da garmaho ba. Kai kanka shaida ne. Ka turo mana waƙar da zuciya ɗaya ka ce ga rok ɗin Teksas na 1973, domin ba wanda ya gaya maka.

Kuma ka ce mai ɗaki. Na yarda su ke da waƙarsu. Amma ranar da suka sayar wa jama'a ita, jama'a suka ji ta a rediyo, suka yi rawa da ita, makaɗa suka zauna suna koyon hannun Beard daga gare ta, ta zama tarihi. Kana da ikon yin sabo ka ajiye kusa da tsoho. Ba ka da ikon sa wa sabo sunan tsoho ka ɓoye tsohon.

Nura:
Wannan bambancin na karɓa, maganar ɓoyewa. Amma har yanzu ina ganin akwai dalili na sauti, ba kasuwa kaɗai ba. Garmaho ba ya ɗaukar nauyin ƙasa da yawa, ko ba haka ba Injiniya? Wataƙila tun farko gangar da suke so ke nan, faifan ne ya hana.

Injiniya Sabo:
Rabin maganarka daidai ne. A garmaho in sautin ƙasa ya yi yawa, ramin da allura ke bi yana faɗaɗa, ya cinye wuri, allurar ma tana iya tsalle. Don haka mai yanka faifai yakan rage shi. Amma wannan ragin a matakin yankan faifai ake yi, tef mai layi biyu yana nan da nauyinsa. In nauyi ake nema a CD, rimasta ta isa. Shi aka yi a 2006, kuma ka saurara ka ji gangar ƙafa da bes ɗin Dusty Hill, babu abin da ya rage musu. Amsa-kuwwar da aka lafta a 1987 ba gyaran gazawar garmaho ba ce, yayi ne.

Malam Haruna:
Akwai waɗanda suka fi ZZ Top nisa ma. Frank Zappa a tsakiyar shekarun 1980 ya ɗauko kundinsa biyu na 1968, We're Only in It for the Money da Cruising with Ruben & the Jets, ya cire bes da gangunan asali ɗungurungum, ya sa Arthur Barrow da Chad Wackerman suka sake bugawa. Dalilin da ya bayar shi ne tef ɗin ya lalace. Masoyansa ba su ji daɗi ba, kuma a 1995, bayan rasuwarsa, aka dawo da asalin na farkon. Na biyun sai 2010.

Na Ozzy Osbourne kuwa kuɗi ne tsagwaronsu. Bob Daisley mai bes da Lee Kerslake mai ganga suna shari'a da shi a kan haƙƙinsu na Blizzard of Ozz da Diary of a Madman. A 2002 aka sake fitar da kundin biyu an goge su, an sa Robert Trujillo da Mike Bordin sun buga a madadinsu. Jitar Randy Rhoads, wanda ya rasu a 1982, aka bar ta tana tafiya a kan bugun mutanen da ba su ne suka zauna da shi a situdiyo ba. A 2011 aka mayar da na asali.

Hajiya Rabi:
Subhanallahi. Wannan ai cin haƙƙi ne a fili. A goge gumin mutum don kada a biya shi.

Ɗan Tawa:
Abin da ni lura da shi, duk misalan da kunka kawo, makaɗi da mai bes ne aka taɓawa. Ba wanda anka ji an goge muryar mawaƙi ko jitar shugaban ƙungiya.

Injiniya Sabo:
Haka yake, kuma a situdiyonmu ma haka ne. Mai waƙa zai zauna ya yi awa yana gyara kalma ɗaya a muryarsa, in aka zo kan kiɗa ya ce sa kowane bit ne. Ana ɗaukar ganga kamar ma'aunin lokaci kawai, wanda kowa zai iya riƙewa. Alhali sauran makaɗan a kanta suka jingina ranar da aka ɗauka. Gibbons yana jin Beard a kunnensa lokacin da yake buga jitar nan, inda Beard ya ɗan ja baya shi ma ya ja, inda ya matsa shi ma ya matsa. Ka sauya gangar, jitar ta zama tana amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Zulai:
Malam Haruna, ina so in ji ra'ayinka a kan na David Bowie. Never Let Me Down na 1987 ne shi ma, kuma a 2018 aka sake shi da sababbin makaɗa, aka cire na'urar aka sa Sterling Campbell a ganguna. Amma Bowie ya rasu tun Janairun 2016. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da na ZZ Top. Su aƙalla suna nan da ransu. Shi kuwa ba ya nan balle ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Malam Haruna:
Ina ganin wannan yana da sauƙi Zulai. Bowie da bakinsa ya sha nuna rashin gamsuwa da kundin. A 2008 shi ya sa Mario McNulty ya sake haɗa waƙa ɗaya daga ciki, Time Will Crawl, aka cire gangar na'ura aka sa Campbell, kuma ya rubuta cewa yana fatan a yi wa sauran haka. McNulty ɗin ne ya yi aikin 2018, da mutanen da suka daɗe suna aiki da Bowie. A cikin akwatin Loving the Alien kuma duka biyun aka sa, tsoho da sabo, sabon da shekararsa a jikin sunansa. Sun cika sharaɗin Alhaji.

Zulai:
Sun cika sharaɗin Alhaji, amma ni ina da nawa. Fatan a sake abu daban ne da amincewa da yadda aka sake shi. Waƙa ɗaya ya ji ya yarda da ita. Sauran, wasu ne suka zauna suka yi hasashen abin da zai so. Zan saurare shi a matsayin aikin McNulty da abokansa a kan muryar Bowie, ba zan kira shi kundin Bowie ba.

Alhaji Mai Garmaho:
A nan ina tare da Malam Haruna, amma ban ga laifin matsayinki ba 'yata. Tunda an rubuta wanda ya yi da shekarar da aka yi, kina da abin da za ki yanke hukunci da shi.

Nura:
Na nemo na 2006 na saurara kusa da wanda na turo. Gaskiya akwai bambanci, musamman inda kowa ke shigowa bayan ƙwanƙwasar nan. A na asalin gangar a bushe take, tana kusa, kamar kana cikin ɗakin da su. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu nauyin ɗayan yana jan kunnena. Injiniya, tambaya ta aiki. Ina da wani ɗauka da na yi da mai ganga na gaske a wani biki, gangar ta fito siririya. Ina so ta yi nauyi amma ba na so in binne masa hannu kamar yadda ka ce. Yaya zan yi?

Injiniya Sabo:
Kada ka musanya, ka goya. Bar layin gangarsa yadda yake, shi ne a gaba. Buɗe sabon layi a ƙasa ka sa samfuri, wato sautin gangar da aka adana a na'ura, ka saita shi ya riƙa bin ƙarfin bugunsa, in ya buga a hankali ya fito a hankali, kuma ƙananan bugun kada ya harba a kansu sam. Ka yanke masa sama, nauyin ƙasa kawai kake nema daga gare shi. Sai ka riƙa ɗago shi sannu-sannu har ka fara jin sa shi kaɗai, daga nan ka ɗan mayar da shi baya. Ka duba ko bugun biyu suna faɗawa lokaci guda, in samfurin ya makara ko da ƙiris ne gangar za ta ƙara sirancewa maimakon ta yi kauri. Amsa-kuwwa kuma gajera, wadda za ta mutu kafin bugu na gaba. In ka gama ka adana ɗaukan farko daban kada ka rubuta a kansa, kuma ka kira mai gangar ya ji kafin ka saki. Turo mini layukan ta sirri in duba maka da daddare.